Ranar da Auta Ya Riƙe wa Yayansa Tsani

Na-Sama ake ce masa a unguwa, kuma ba a banza ba. A zamanin da yake da ƙarfinsa, in kana nemansa ba ƙofar gida za ka duba ba, kai za ka ɗaga. Yana can a kan ginin wani, ƙusoshi a baki, guduma a ƙugu, yana tafiya a kan katako mai faɗin tafin hannu kamar mai zagaya tsakar gidansu. Kafinta ne, amma na rufi. Magina su gama bango su sauko, shi kuma ya hau. Gidajen da ya rufa a tsawon rayuwarsa, shi kansa bai san iyakarsu ba, sai dai in ana tafiya da shi a titi ya riƙa nuna su da haɓa.

Mutum ne mai taurin kai a kan aiki, wannan kam ko matarsa ba ta musu. Bai taɓa yarda da bangon magini ba. Kafin ya taɓa zarto sai ya ja zare daga kusurwa zuwa kusurwa, ya ɗora lebur, ma'aunin daidaiton bango, ya kaɗa kai, ya tambayi maginin ko da daddare ya yi ginin. Magina su rama, su ce ai kafinta ba ya ganin laifin katakonsa, ko da ya karkace kamar ƙafar akuya. Bayan nan ya kwantar da katako a kan bango, ya ɗaure shi da langa-langa don kada iska ta yi awon gaba da rufin mutane. Sannan ya zo kan abin da ya fi ji da shi, wato yankan uwa.

Uwa ita ce rafta ta farko, wato katakon da ke tashi daga kan bango zuwa doron rufi. Ita ake aunawa da tef da sikwaya, ƙarfen awon kusurwa, a fitar da karkatar kanta inda za ta haɗu da katakon doro, a yanka gurbin da za ta zauna a kan bango. A hau da ita a gwada. In ta zauna daram, a sauko da ita, a yi mata alama, a shimfiɗa ta a kan kowane katako a zana. Kowane ɗaya daga ita za a zana shi. Wanda ya zana na biyu daga uwa, ya zana na uku daga na biyu, na huɗu daga na uku, to ya gayyato wa kansa rigima, domin kaurin bakin fensir yana ƙaruwa a kowane zane. Ido ba ya ganin ƙarin a katako ɗaya, sai an kai ƙarshen gini a tarar rafta ta yi tsawo, doron rufi ya tashi. Na-Sama ya faɗi wannan magana har ta zama kamar waƙa, kuma wanda ya fi kowa shan ta shi ne ƙanensa, Auta.

Auta bai san mahaifinsu ba, Na-Sama ya sani a matsayin uba. Shi ya goya shi, shi ya sa shi makaranta, da makarantar ta gagara shi ya miƙa masa guduma, shi kuma ya tsaya masa har ya ajiye iyali. Kuma a faɗi gaskiya, Auta ya iya aiki. Yana da zafin nama, ƙusa ba ta lanƙwashewa a hannunsa, a sama kuwa sai ka ce biri. Lissafin kusurwa ne dai bai shiga kansa ba, ga shi da gaggawa. Har furfura ta fara leƙo masa a gemu mutane ba su daina ce masa ƙanen Na-Sama ba. Ko abin yana cin sa a rai, Allah masani, shi dai dariya yake yi.

Jirin ya fara ne ba sallama. Wata rana Na-Sama yana tsaye a kan doron wani gida sai ya ga ƙasa ta juya, bishiyoyi sun kwanta. Ya rungume katako kamar yaro ya rungume uwarsa, har Auta ya rarrafo ya sauko da shi. A asibiti aka ce hawan jini ne da matsalar kunne, aka ba shi magani, aka ce ya bar hawa sama. Kafintan rufi a ce ya bar hawa sama! Ya san mutanen da yake zaune da su. Ranar da aka ji Na-Sama ba ya iya hawa, ranar ce ƙarshen ba shi rufi, ko da kansa da hannunsa suna nan garau.

Mutum biyu kaɗai suka san zancen, matarsa da Auta. A rumfar aikinsu, a kan bencin da ya sha garin katako, Auta ya dafa gwiwar yayansa ya ce masa kada ya damu, muddin yana numfashi ba mai ji. Suka raba aiki: Na-Sama a ƙasa yana awo, yana yankan uwa, yana haɗa komai, Auta a sama yana kafawa. In wani ya tambaya me ya sa ba ya hawa yanzu, sai Na-Sama ya ce a ƙasa ake yin rufi, sama ai ɗorawa ce kawai, kuma ina amfanin ƙane in babba zai ci gaba da lilo a kan katako. A yi dariya a wuce. Damina biyu suka yi a haka, rufinsu bai yi yoyo ko ɗaya ba.

Sai aikin Malama ya zo. Tsohuwar malamar makaranta ce da ta ajiye aiki ta gina gida mai tsawo, ɗakuna a jere, tana so ta shiga kafin ruwa ya sauka. Mace ce mai kirki amma mai sa ido, kullum tana wurin da lema da 'yar kujerarta. Na-Sama ya ja zarensa, ya tsokani maginin kamar yadda ya saba, ya yanka uwa. Auta ya hau da ita ya gwada, ya leƙo ya ce ta zauna. Washegari ranar komawar Na-Sama asibiti ce, likita kuma ya riƙe shi kwana biyu saboda jinin ya hau. Matarsa ta aika wurin aiki cewa ya yi tafiya. Kafin ya tafi ya ja kunnen Auta a kan abu ɗaya, ya sauko da uwa ya zana kowane katako daga ita.

Da ya dawo, tun daga bakin titi ya ga abin. Doron rufin ya fara daidai ta gabas, yana tafiya yana tashi, har ƙarshensa ya ɗaga kai kamar wanda ake kira daga baya. An fara jera kwano, kwanon ya ƙi bin layi. Bai buƙaci tef ba. Ya hango uwa can a farkon gini, an kafe ta da ƙusa. Wato Auta ya zana ɗaya daga jikinta ya mayar da ita sama ya buga, sauran kuwa ya riƙa zana kowane daga wanda ya gama yankawa, don ya fi kusa da hannunsa. Ransa ya ɓaci, ya ji kamar ya kama Auta ya yi masa dukan da bai yi masa ba yana yaro. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kafin ya ƙarasa wurin ya riga ya yanke shawarar ɗaukar laifin tare da shi.

Malama na tsaye, maginin na gefenta, ga maƙwabta biyu da suka zo kallon ƙwaƙwaf. Ta tambaya cikin sanyin murya me ya sami rufinta. Na-Sama ya ce kuskurensu ne, shi da ɗan'uwansa, za su kwance su gyara, katakon ma ba zai lalace ba tunda tsawo ya yi, ragewa za a yi. Maganar ta kusa mutuwa a nan. Malama har ta fara gyaɗa kai.

Sai Auta ya yi gyaran murya. Bai kalli yayansa ba, ƙasa yake kallo.

"Malama, gara a faɗa miki gaskiya tunda gidanki ne. Yaya ba shi da lafiya. Ba tafiya ya yi ba, a asibiti ya kwana. Jiri ke damun sa, rabon da ya hau rufi an daɗe. Layi ma biyu yake ganin sa. Ni abin da ya auna mini shi na bi."

Wallahi da mari ya kwaɗa masa da ya fi sauƙi. Rabin maganar gaskiya ce, rabi ƙarya, kuma ya ɗinke su yadda ba mai iya raba su. Jirin gaskiya ne. Amma idon Na-Sama lafiyarsa ƙalau, kuma da bakin nan Auta ya leƙo ya ce uwa ta zauna. Na-Sama ya buɗe baki ya fara bayani, ya ce ga uwa can da alamarta, a gwada ta da rafta ta ƙarshe a gani, ya shiga zancen kaurin fensir. Shi kansa ya ji yadda maganar ke fita, kamar tsoho yana kame-kame. Maginin ya ɗaga kai ya ce shi duk katakon iri ɗaya yake ganin su, wacce ce uwar.

"Ga tsani nan," in ji Auta. "Ya hau ya nuna muku. Ni zan riƙe masa."

Ya kuwa je ya riƙe, da hannu biyu, kamar ɗan'uwa na gari.

Da Na-Sama ya yi shiru ya juya, wataƙila da an ce fushi ya yi. Amma zuciya ta ɗebe shi. Ya cire takalmi ya kama tsanin. Ya fara hawa lafiya, har ya ji daɗin ƙarfen a tafin ƙafarsa. Kansa na kaiwa daidai saman bango, sai bangon ya fara kwanciya, sama ta koma gefe. Ya runtse ido ya ƙanƙame tsanin, gumi ya keto masa. Bai iya yin gaba ba, bai iya yin baya ba. Maginin da ya sha tsokana ne ya hau ta bayansa ya riƙa sauke masa ƙafa ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan babu wanda ya sake tambayar tsawon katako. Malama ta ba shi kujerarta, ta sa aka kawo masa ruwa, ta riƙa yi masa sannu, tana cewa ai da ya faɗa tun farko, lafiya ita ce gaba da komai. Tausayin nan ya fi zagi yi masa ciwo. Ta ce ya je ya huta, ƙanensa ya ƙarasa gyaran. Auta ya ciro uwa, ya rage raftocin daga jikinta, rufi ya miƙe sambal, aka yi ta yaba masa.

Labari kuwa ba ya buƙatar mota. Kafin mako ya zagayo duk mai tubali a unguwar ya ji. Masu zuwa rumfa suka koma masu gaisuwa da masu kawo ƙofar da ta kumbura ko bencin da ya karye. Masu rufi kuwa Auta suke nema a waya. Matarsa ta so ta je ta yi wa Auta wankin babban bargo a gaban iyalinsa, Na-Sama ya hana ta. Yana jira ne. A ransa ya ba Auta uzuri iri-iri: tsoro ne, bakinsa ne ya suɓuce, zai zo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma shi ba rasa aikin ne ya fi hana shi barci ba, hannun nan biyu ne a jikin tsani.

Auta ya zo kuwa, wata safiya, da katako a kafaɗa. Ya sami rufi mai fuska huɗu, lissafin kusurwoyin ya gagare shi. Ya jingine katakon, ya durƙusa ya gaida yayansa kamar babu abin da ya faru, ya tambayi jiki, sannan ya ce yana so a yanka masa uwa.

Na-Sama ya kafe shi da ido ya ce:

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Ranar da ka hau da uwar gidan Malama, ta zauna ko ba ta zauna ba?"

"Ta zauna, Yaya."

"To tashi mu je ka faɗa a gabanta da maginin. In mun dawo sai in yanka maka."

Auta ya sosa ƙeya, ya ce a bar kaza cikin gashinta, abin da ya wuce ya wuce. Da ya ga yayan bai ɗauke ido ba, sai ya faɗi abin da ke ransa, a hankali, kamar mai ba da shawara.

"In na faɗa, ni ma ba mai sake ba ni rufi. Kai kuwa, Yaya, ka riga ka sauko. Gara a ce ɗayanmu yana sama."

Ashe ba suɓutar baki ba ce. Ya auna abin, ya yanka, ya ga ya zauna masa. Na-Sama ya ji baƙin ciki irin wanda bai ji ba ko ranar da aka sauko da shi daga tsani. Bai ɗaga murya ba. Ya ce masa ya ɗauki katakonsa, kuma ya tsaya har ya ga ya ɗauka ya fita.

Har yanzu yana nan a rumfar, yana gyaran ƙofofi, hannunsa bai taɓa kuskuren layi ba. Suna haɗuwa da ƙanen a sabgogin dangi, ya gaishe shi ya amsa. Amma tun daga safiyar nan ba a sake jin ya ce Auta ba. In baƙo ya zo neman mai rufi, sai ya nuna masa hanyar gidan ƙanen ba tare da ya ɗago daga aikinsa ba, ya ce akwai wani kafinta a can ƙasan layi.