Karen da Ke Jiyo Jirgin Baba

Lokacin da aka yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato, muna zaune a wani ƙauyen masunta a bakin tafkin Kainji, wajen Ngaski. Muna da wani jan kare mai gadin kifin banda. Ba mai taɓa karen. Daga nesa ake jefa masa kan kifi, don Inna ba ta wasa da tsarki.

Amma ita ta fi kowa sa masa ido. In Baba ya tafi su, karen nan kan jiyo injin jirginsa tun ba a hango shi ba. Sai ya kaɗa kunnen dama, ya miƙe. Inna na gani za ta ɗora tukunya.

Wata damina Baba ya nausa cikin tafki, iska ta taso, ranar dawowarsa ta wuce. A kwanakin ne kunnen ya kama rawa ba ƙaƙƙautawa. Ya kaɗa, Inna ta figi mayafi ta ruga bakin ruwa, ina biye. Ba komai sai ruwa. Mu dawo, ya sake. Tuwo nawa ya huce a gidan nan! Na ce mata karen nan fa girgiza kai yake, yana sosa kunne da ƙafa har da kuka, ga wari. Ta ce in rufe mata baki, wari a gidan masunta ai ba labari ba ne. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Wata 'yar ƙabilar Kambari mai zuwa sarin banda ce ta danne karen ta buɗe kunnen. Kaska cike, ga mugunya, ga tsutsa na motsi, ciwon har ya kama ɗaya kunnen.

"Wannan ba jirgi yake ji ba," in ji ta. "Cin shi ake da rai."

Ta tsince, ta wanke da ruwan ɗumi. Rawar ta tsaya.

Da hantsi Baba ya dawo. Inna na zaune ta ƙura wa kunnen ido, shi kuwa karen yana kwance abinsa, sai kawai muka ji sallama a bakin ƙofa. Murhu a sanyaye.

Tun daga ranar, da hannunta take ba karen abinci, ta ɗaga kunnen ta duba, sannan ta je ta wanke hannu da ƙasa. Bai ƙara jiyo jirgin ba.