Lambar da ke jikin taya

Rahinatu ɗiyar masunci ce. Mahaifinta, marigayi Hamidu, bai taɓa tsayawa kan gura ɗaya, tarkon nan na masunta, yana jiran kifi ba. Tun da safe sai ya kafa goma sha biyu a bakin kogi, kowace da ƙyallen shaida da ya riga ya ɗaura mata, ya wuce gonar shinkafa, sai la'asar ya dawo ya bi su. Tana ƴar shekara bakwai tana zaune a goshin jirgi tana kallo. Da ta gama lakkwal, makarantar boko, a Gaya ta tafi Yamai ta koyi rubuta wa ordinata, wato kwamfuta, umarni. Ranar da malaminsu ya zo kan yadda ake aika saƙo a ci gaba da wani aiki ba tare da an tsaya jiran amsa ba, ta riga kowa ganewa. Ya tambaye ta inda ta koya, ta yi murmushi kawai.

Da ta dawo gida, wata ƙaramar sandika, ƙungiyar masu manyan motocin kaya, ta ba ta aiki. Dokar filinsu ɗaya ce tun fil azal: motar da ta fara shiga ita ke fara fita. Shekara ashirin Baba Umaru mai tsaron ƙofa yana rubuta wa kowace mota lambar layinta da alli a jikin tayar gaba. Rahinatu ta mayar da layin cikin salula. Baba Umaru ya danna lambar mota, saƙo ya tafi babbar ordinata a Yamai, ita ta ba da lambar layi, kowane direba ya gani a wayarsa. Da yake rezon waya a bakin kogi ba shi da alƙawari, sai ta tsara abin yadda tsohon ba zai tsaya jiran amsar mota ɗaya ba kafin ya shigar da ta biyu.

Wata bakwai ba a ji kansu ba.

Wata Alhamis cikin bazara, Cha'ibu, direban da ya ɗauko albasa, ya ga sunansa bayan motoci biyu na wake waɗanda da idonsa ya ga sun shigo bayansa. Karo na uku ke nan a sati ɗaya da aka yi wa wani haka. Albasa kuwa ba ta san haƙuri a rana ba. Kafin azahar magana ta zagaye fili cewa tsohon yana sayar da layi. Alhaji Siddo, shugaban sandika, ya ce bayan sallar la'asar za a zauna, Umaru ya zo da makullin ƙofa.

Rahinatu ta rufe kanta a biro, ɗan ofishin sandika, ta buɗe tarihin saƙonni. Ba ta daɗe ba ta gani. Saƙon Cha'ibu ya bar wayar tsohon ƙarfe tara da minti huɗu, bai isa Yamai ba sai tara da rabi. Na masu wake sun tashi bayansa, suka riga shi isa. Sati biyu da suka wuce an mayar da ƙofar fili ɓangaren kogi, inda waya ke sakin rezon gida ta kama na ƙasar Bene da ke tsallake, ta sake saki. Ordinatar Yamai kuwa wanda ya fara iso mata take ba lamba. Haka Rahinatu ta rubuta mata, da hannunta.

Gyaran ba zai ci awa biyu ba, kuma duk filin ba mai iya gane an taɓa wani abu. Gobe layi zai tafi daidai, mutane su ce ai da ma tun da aka kori tsohon abin ya gyaru. Ta daɗe tana kallon allon ordinata, fanka tana kaɗa iska mai zafi.

Ta sami Baba Umaru ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, makullin a tafin hannunsa.

"Ɗiyata, kin ci abinci kuwa?"

"Na ci, Baba. Har yanzu kana sa alli?"

"Hannu ya saba," in ji shi, bai ɗago ba. "Kin ce a bari. Ni kuwa na ga alli bai tare wa kowa hanya ba."

Ta bi motocin tana duƙawa. Tayar Cha'ibu goma sha huɗu. Na masu wake, sha biyar da sha shida.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi. Ta tsaya daga gefe, inda mace kan tsaya a irin wannan zama. Cha'ibu ya yi magana mai tsawo, ya rufe da cewa in albasarsa ta ruɓe, to, a dafa wa Baba miya da ita har shekara. Wasu suka yi dariya. Alhaji Siddo ya miƙa hannu, tsohon ya ajiye masa makulli a kan tabarma.

"Alhaji, a ba ni izini," in ji Rahinatu.

"Ke kuma fa? Zancen maza ne, ƴar ordinata," in ji Cha'ibu.

"Bar ta," in ji Alhaji.

"Baba bai sauya layin kowa ba. Ni ce. Babana kafin ya sa gura a ruwa yake ɗaura mata ƙyalle. Ni sai na bari sai saƙo ya isa Yamai ake ba shi lamba, alhali wani kan makale a hanya, na baya ya wuce shi. Ku je ku duba tayoyinku."

Mutum uku suka tashi suka tafi, suka dawo, babbansu ya gyaɗa wa Alhaji kai.

"Tun yaushe kika sani?" in ji Alhaji.

"Tun azahar."

Alhaji ya dube ta, ya dubi tsohon. Sannan ya tura makullin da yatsa har ya taɓa gwiwar Baba Umaru.

"Cha'ibu, tada motarka. Daga yau alli ne layi. Wayar kuma a sa ta a aljihun tebur."

Cha'ibu ya miƙe, ya ɗan tsaya a kan tsohon. "Baba, ka yafe."

"Je ka, albasa na jira."

Washegari ta yi gyaran: wayar da ke ƙofa ita ke ba da lamba nan take, saƙo ya tafi da lambarsa, ya isa lokacin da ya ga dama. Ba wanda ya nemi gani. Sai da damina ta faɗi, ruwa ya fara wanke alli daga tayoyi, Baba Umaru da kansa ya je biro ya ce a fito masa da wayar. Har yau Rahinatu na wannan aiki. In ka shiga filin za ka ga direbobi sun duba salula, sannan su duƙa su duba taya. Allin kuma ita ke saya wa tsohon, kwali ɗaya duk wata.