Tokar Hadiza a Tukunyar Gwaggo

Na bar Urno da sallar asuba, da gwangwanin toka ɗaure a tsumma. Ƙanena direba ya ɗebo ta daga arewa, inda ake ƙona gawayin ƙasa a ba da lantarki. Ɗiyarsa Hadiza na jirana a Keita. Ta ce cikin tokar akwai wasu ƙarafa masu wuyar samu da ake sa wa salula, kuma da ita za ta yi gwajin kammala karatunta. In babu, sai baɗi. Ni dai tun a mota nake girgiza gwangwanin, ko zan ji ƙarar ƙarfe.

Madawa

A shingen fita gari wani jandarma ya buɗe, ya sansana, ya yi atishawa.

"Baba, mi na na?"

"Ƙarhe na, in ji ɗiyarmu."

Ya dube ni da tausayi, ya ce mu wuce.

Buza

Motar ta lalace, sai da la'asar muka shiga. Na sauka gidan Gwaggo Tabawa, na ci tuwo, na ajiye gwangwanin a gindin rumbu.

Da safe na tarar da gwangwanin wayam. Gwaggo ta juye tokar a tukunyarta mai huji, ta zuba ruwa, yana ɗiga cikin kwano don miya.

"Wagga toka taka ba ta da kirki," in ji ta. "Ko ɗanɗanon kanwa babu. Bari in zubas."

Na kira Hadiza, na gaya mata abin da ya faru.

"Baba, kar ku sha ruwan! Dusar tokar hwa?"

"Tana cikin tukunya."

"Ruwa ba ya hidda ƙarahwan, suna nan. Kawo ta hakanan."

Keita

Na hau kabu-kabu rungume da tukunyar Gwaggo, tana ɗiga mini a wando har Keita. Hadiza ta karɓa hannu biyu, ta shanya dusar a faranti. Na tsuguna na tona da yatsa, ban ga komai ba sai toka. Ta ce sai an sa mata ruwan magani mai ƙarfi tukuna.

Na iso gida lafiya, na gode wa Allah. Ranar da Hadiza ta ci jarrabawa, na buga wa Gwaggo waya, na yi mata albishir.

"Madalla," ta ce. "To a maido mini tukunyata, tun da ita ta yi karatun."