Rigar da Kan Nedyalka Ya Yanke

Duk wanda ya san Nedyalka tun tana budurwa a unguwarmu ta bayan tsohuwar masaƙa, nan Sliven, zai gaya maka ba mai yawan magana ba ce. Da kai take amsa rabin abin da aka tambaye ta. Ka ce za ta sha kofi, ta girgiza kai gefe da gefe, sai ka zuba mata. Ka ce a ƙara sukari, ta ɗaga haɓa sama ta sauke, sai ka mayar da cokalinka. Haka kowa yake yi a ƙasar nan ta Bulgeriya, girgiza kai yarda ce, gyaɗa shi kuwa ƙi ne. Abin bai taɓa damun mu ba sai da mutanenmu suka fara fita waje neman abinci.

Masaƙar da Nedyalka take aiki a ciki ta rufe. Mijinta ya ce zai je tuƙin babbar mota, har yau ana jiran sa. Aka bar ta da 'ya ɗaya, Bilyana, wadda ta fara makaranta ke nan, da kuma uwarta, kaka Stoyna. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Nedyalka ta bi sahun matan unguwa zuwa Sifaniya jinyar tsofaffi. Ranar tafiyar, kaka Stoyna ta ɗauko kwanon tagulla ta kwarara mata ruwa a bakin ƙofa, kamar yadda uwa take yi wa ɗanta idan zai fita babbar fita, don hanya ta tafi masa sumul kamar ruwan. Nedyalka ta taka ta wuce, ba ta iya waiwayowa ba.

Can ta faɗa gidan wata tsohuwa, Donya Amparo, mai jiki, ga kurumta. A makonta na farko 'yar Donya Amparo ta tambaye ta ko ta ba uwar magani. Ta ba ta, saboda haka ta girgiza kai. To su mutanen can komai nasu a juye yake, girgizawa a wurinsu a'a ce. Aka sake ɗirka wa tsohuwa magani, ta wuni tana barci kamar ba za ta tashi ba. Saura ƙiris a kori Nedyalka. Daga ranar ta riƙa tsayawa gaban madubi tana hora wuyanta, har ya koyi irin tasu amsar. Ita a zatonta riga ce ta aro, idan ta dawo gida za ta tuɓe.

Shekara goma sha wani abu tana ɗaga tsohuwar nan daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa banɗaki. Jijiyoyin ƙafafunta suka kumbura suka yi shuɗi, suka murɗe kamar igiya, har ta daina sa duk abin da bai kai idon sawu ba. Duk Lahadi tana kiran gida ta waya mai hoto. Da can Bilyana ba ta barin ta ta sa baki, labarin malamai, labarin kyanwa, labarin haƙorin da ya fita. Amma wata Lahadi, yarinyar tana wajen sha uku, suka yi wata hira da ta ƙare da kuka, daga nan sai bakin Bilyana ya mutu. Gaisuwa, lafiya lau, ga kaka. Nedyalka ta ce ƙuruciya ce, za ta wuce. Ba ta wuce ba, kuma abin yana cin ta fiye da ciwon ƙafar.

Donya Amparo ta rasu da sanyin bana, Nedyalka ta tattaro ta dawo, daidai shekarar da Bilyana za ta gama sakandare. Kun dai san yadda muke haukacewa da bikin gama makaranta a watan Mayu, dangi su cika ƙofar gida, motoci su yi ta hon, yara su fito kamar amare. Kuma kafin yarinya ta taka waje, uwarta ce take kwarara mata ruwa. Nedyalka ba ta da wani buri da ya wuce wannan. Sai ga shi tana daga kicin ta ji Bilyana tana gaya wa kakarta cewa ita za ta zuba mata ruwan, tunda ita ta raine ta. Nedyalka ta ci gaba da murza ƙullun banitsa, wainar nan tamu mai cuku, kamar ba ta ji ba, amma zuciyarta ta karye.

Duk da haka ta ce ko a gefe za ta tsaya, za ta tsaya da mutuncinta. Ta shiga wani kantin tufafi a babban titi ta sayi riga koriya mai duhu, doguwa har ƙasa. Rabonta da saya wa kanta sabon abu har ta manta. Aibin rigar ɗaya, tana ɗan jan ƙasa. Mai kantin, Lyuben, mutum mai tumbi da zaƙin baki, ya ce wannan ai ba komai ba ne, telarsu tana ciki.

Telar ita ce Ginka, tsohuwar ma'aikaciyar masaƙa ita ma, ga kirki ga surutu. Ta durƙusa da allurai tana zuba. Ta ce mace mai ƙira irin wannan ta lulluɓe kanta kamar za ta makoki, ai asara ce, yanzu iyayen 'yan biki iya gwiwa suke sawa. Ana haka wayar Nedyalka ta yi ƙara, 'yar Donya Amparo ce daga Sifaniya. Nedyalka ta kama yarensu tana sauraro. Ginka ta taɓa mata gwiwa ta ce, "In kawo ta nan?" Nedyalka, waya a kunne, ta girgiza kai da ƙarfi. Ginka ta yi murmushi ta ɗauko alli.

Ranar karɓa, Nedyalka ta sa rigar ta dubi madubi. Rigar ta tsaya cif a gwiwa, ga ƙafafun nan a fili, duk abin da ta ɓoye shekara da shekaru. Ta ce ba haka ta ce ba. Nan take zaƙin bakin Lyuben ya ƙare. Ya nuna mata allon da ke bayan teburinsa, wanda aka rubuta cewa kayan da aka yi wa gyara ba a mayarwa ba a canzawa. Ya ce ita ta yarda, telarsa ba ta yanka sai an ce ta yanka. Nedyalka ta saba, a gidan mutane ta koyi haɗiye magana. Ta naɗe rigarta ta fito.

Bilyana ce ta ga ledar a bayan ƙofa. Ta zaro rigar ta ɗaga, ta dubi uwar, ta dubi ƙafafun, ta tambayi abin da ya faru. Da ta ji, sai idonta ya yi ja. Yarinyar nan ba ta ɗaukar raini, halin kakarta ta kwaso. Ta ce su tashi su koma, kuma don kada uwar ta ɗauka wani abu ne, ta ƙara da cewa ba don kowa za ta je ba, ita dai ba ta son a mayar da gidansu gidan sakarkaru.

A kantin ba ta tsaya dogon gaisuwa ba. Ta ce wa Lyuben allonsa na wanda ya sayi kaya ya canza ra'ayi ne, ba na wanda kantin da kansa ya ɓata wa kaya ba. Su suka sayar, su suka gyara, saboda haka ko su mayar da rigar yadda aka nema, ko su ba da wata, ko su karɓi abarsu. In ba haka ba, ta san hanyar ofishin da ake kai ƙarar 'yan kasuwa.

"Ke yarinya, sassauta," in ji Lyuben. "Lauya za ki karanta ne? Ginke, zo ki gaya mata."

Ginka ta fito, tef a wuya, fuskarta duk ta yamutse. Ta ce ita dai ta tambaya, kuma matar ta amsa. Bilyana ta ce, "Me ta ce miki, lelyo Ginke?" Don duk sa'ar uwarka lelya ce, wato inna, ko ana rigima.

"Ba ta ce komai ba, 'yata, tana waya. Haka ta yi." Ginka ta girgiza kai gefe da gefe.

Bilyana ta juya ga uwarta, kunya ta fara kama ta. "Mamo, ashe ke kika ce a yanke?"

"A'a nake nufi," in ji Nedyalka, murya ƙasa ƙasa. Sai a lokacin ita kanta ta gane. Ta ba su labarin maganin tsohuwa da madubin, tana yi tana kallon ƙasa. Lyuben ya fashe da dariya har tumbinsa yana rawa, ya ce to ka ji, jikin ya dawo gida amma wuyan yana Sifaniya, shi wa zai kama da laifi?

Bilyana ba ta yi dariya ba. Can ta ce, "Tun yaushe kike haka?" Uwar ta ce tun shekararta ta farko a can.

Ginka ce ta raba gardamar. Ta ce gaskiya dai ba a sa almakashi a sabuwar riga kan girgiza kai, ya kamata ta jira matar ta gama waya ta ji daga bakinta. Ƙyallen da ta yanke yana nan ba ta yar ba, za ta mayar da shi ta rufe ɗinkin da leshi. Lyuben ya yi ta ƙunƙuni, ya ce to leshin daga albashinta zai fita. Nan ne Nedyalka ta ɗago kai, ita da ba ta iya tsaya wa kanta ba. Ta ce da kantin ta yi ciniki ba da Ginka ba, in za a taɓa albashin matar nan to a bar rigar, su haɗu a ofishin da 'yarta ta faɗa. Lyuben ya dubi matan nan uku, ya dubi wasu masu saye da suka daina duba kaya suna kallon sa, ya ce a je a yi, kantin ya ɗauka.

Suka fito. Bilyana ba ta nufi tashar bas ba, ta zauna a wani benci ƙarƙashin bishiya, uwar ta zauna a ɗaya gefen tana murza gwiwa.

"Kin tuna ranar da na yi miki tambaya a waya kika yi kuka?" in ji Bilyana, ba ta kalle ta ba. "Na ce ki gaya mini gaskiya, kin fi son zama can da zama da ni?"

Nedyalka ta tuna sarai. Kuka ne ya shaƙe ta ranar, ta kasa fitar da kalma ko ɗaya.

"Kin girgiza kai, mamo."

Wayyo, Nedyalka. Shekarun nan duka da ta yi tana ɗaga tsohuwar wasu don yarinyar nan ta ci ta yi karatu, ashe yarinyar tana nan da amsar da uwarta ta ba ta ido da ido, cewa ta fi son can. Kuma ba ta gaya wa kowa ba, ko kakarta. Nedyalka ta buɗe baki, kukan nan dai ya sake taso mata, kanta ya fara motsi. Bilyana ta yi wuf ta riƙe mata fuska da hannu biyu.

"Da baki, mamo. Wayar da aka yi miki ranar, aiki ne, ko? Za ki koma?"

"Aiki ne, wata tsohuwar suka samo mini," in ji Nedyalka da ƙyar. "A'a na ce musu. Da su da Ginka duka a'a na ce. Ke ma a'a na ce miki, Bilyano, tun ranar."

Ranar bikin ƙofar gidan ta cika. Rigar ta dawo har idon sawu, amma duk mai ido zai ga layin leshin da ya zagaye gwiwa, har wata maƙwabciya ta tambayi inda ake samun irin wannan yayin. Kaka Stoyna ta fito da kwanon tagulla cike da ruwa, ta tsaya a inda aka ce ta tsaya. Bilyana ta zo bakin ƙofa cikin kwalliyarta, ta karɓi kwanon daga hannun kakar, ta miƙa wa uwarta. Nedyalka ta karkata kwanon, rabin ruwan a kan sabuwar rigarta ya zube, sauran ya gangara gaban yarinyar. Bilyana ta tattare tata rigar, ta taka ta wuce, ta waiwayo.