Yadda na nutsar da jirgin kakana

...kuma wallahi tsayin tablon nan, wato zanen, ya fi ƙofar gidanmu ta Damagaram. Bari dai in faro muku daga farko.

Shekarun baya, zuwana Paris na farko, abokina na Belleville ya ja ni gidan adana zane-zane. A can na ga tablon: teku ta haukace, jirgin ruwa ya tsage biyu, mutane rungume da katako. Takardar da ke gefe ta ce daga wata waƙa mai zanen ya ɗauko shi. Ni da na koyi zane a bayan kayen lakkwal, wato littafin rubutun makaranta, ban taɓa ganin ruwan da ya wuce tabki ba, na ce shi ke nan, na samu aikina.

Na koma Lyon ina ta zuba wa kawuna labari a butik ɗinsa na Guillotière. Ya bari na gama, sannan ya ce ai kakanmu ma yana da waƙar teku. Ya yi ta ne kan ƙetare Bahar Maliya a jirgin katako, shekarar da ya je hajji ta ƙasa. Ba a rubuta ta ba, a kan kawu kaɗai take.

"Yaran nan nawa ba su jin Hausar waƙa," in ji shi. "Ka zana musu ita, ko sa tambaye ni wane ne a jirgin."

Ya fara rerawa, ina ɗauka a waya. Iska, igiyar ruwa, alhazai na ta kalmar shahada, tukunyar wani ta bi ruwa. Sai wata Hajiya ta shigo sayen shadda. Ya ce in jira, saura rabi. Na ce, "Ya isa, Kawu, na gane." Na ruga na kama tram.

Sati uku ina fama da fenti. Ran da na kai, 'ya'yansa suna nan, babbar ta ce, "Trop beau," wai ya yi kyau ƙwarai. Shi kuwa ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Ina jirgin?"

"Ga shi nan, yana nitsewa."

"Wannan mai farar hula fa, da hannu ɗaya a waje?"

"Kaka ne."

"To ɗan nan, in ya nitse, wa ya yi waƙar? Wa ya haifi uwarka?"

Kowa ya fashe da dariya, ban da ni. Na ɗaure fuska na ce, "C'est de l'art, Kawu."

"Na ji. Ka zo Lahadi ka ji sauran."

Ban je ba. Wai ni an raina mini fasaha. Ya kira sau biyu, na ce jarrabawa gare ni. Bayan sallar azumi ya tafi gida ganin dangi, zazzaɓin kwana huɗu, Allah ya yi masa cikawa a can.

Na tambayi mahaifiyata, ta ce amshin kawai ta riƙe. Babbar 'yar Kawu kuma ta taɓa tambayata yaya suka kai gaci. Ni ta tambaya.

Har yanzu ina zanen teku, hannuna ma ya ɗan faɗa. Amma tablon da na zana wa Kawu yana bayan almuru, kabad ɗin tufafina, fuskarsa na kallon bango, kuma na kasa zana gacin da ban ji ba. Muryar tana nan a wayata. Kawu na tsakiyar guguwa, sai ƙarar ƙofa, sai "Bismillah, Hajiya," sai ni ina cewa na gane.

Ku fa, akwai wanda ya ce muku ku dawo ku ji sauran? Kun koma?