Abin da Ya Kai Malam Tukur Mpape

Ranar Talatar da ta biyo bayan Babbar Sallah, ana shirin la'asar, waya ta yi ƙara a ɗakina na Durumi. Nafisa ce, babbar 'yar Malam Tukur. Ta ce, "Baba Injiniya, Baba ya faɗi a Mpape. Ya cika kafin a kai shi asibiti." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shekara takwas ke nan ina ƙullace da garin nan, tun ranar da ma'aikatar da muka ba wa ƙuruciyarmu ta sallame mu, ni da shi, da takarda mai layi huɗu. Kuɗi ya shigo gari, komai sabo ake saye, aka ce ba a bukatar masu gyara. Da na ji rasuwarsa na so in ɗora wa Abuja wannan ma. Ban samu hanya ba, domin na san abin da ya kai shi Mpape, iyalinsa kuwa ba su sani ba. Ranar sadakar uku matarsa, Hajiya Uwani, ta tambaye ni daga bayan labule abin da ya kai shi can. Na ce mata ban sani ba. Tun daga ranar tsoro bai sake ni ba.

Shekara ashirin da 'yan kai ya yi yana aiki a ƙarƙashina. Ni ne mai digiri, shi ne mai hannu. Idan zai taɓa abin da wuta take ciki, hannunsa na hagu yana cikin aljihu, kuma sai ya auna da mita ko da shi ya kashe da kansa. Na taɓa yi masa dariya, ya ce, "Oga Injiniya, wuta ba ta karanta satifiket." Bayan an sallame mu ya kafa tebur a ƙarƙashin matakalar wani bene a Garki yana gyaran rediyo. Duk abin da ya cire ya mutu, sai ya ƙulle a leda ya miƙa wa mai kaya, don ya gani da idonsa cewa an canza. Ni kuwa na koma gida ina zagin labarun rana.

Shi ya kawo shawarar mu haɗa kabad, don ya raba ni da zaman ƙunci, ko da yake bai taɓa faɗin haka ba. Na katakon maɗaci ne, tsayinsa ya kai ƙirji. Muka sa rediyo a ciki, da abin kaset, da lasifika biyu da ya ciro daga wata motar da bayanta ya ƙone. Duk Asabar yana zuwa da hantsi da jakarsa, mu yi ta huda da liƙin dalma har azahar. Bana muka yanke shawarar sa allon alminiyom a gaba mai ɗauke da soket biyu: ɗaya na shigar da wutar batir idan an ɗauke wuta, ɗaya na fitar da sauti zuwa kwamfuta, don in kwashe tsofaffin kaset ɗina kafin su lalace.

Nan matsalar ta taso. Soket iri ɗaya kawai muka samu, masu zagayen baki, ba ka bambance wannan da wancan. In mutum ya kuskure ya cusa wayar batir a ramin sauti, duk abin da ke ciki zai ƙone. Malam Tukur ya ɗaura na sautin, ya bar ɗaya ramin a buɗe, ya ce sai ya samo mai wata siffa dabam. Muka zaga shagunan Garki ɗaya bayan ɗaya. Wani mai shago ya juya samfurin a tafin hannunsa ya ce, "Oga, wannan tsohon yayi ne, ba wanda yake kawo shi kuma. Ku sayi sabon rediyo mana, ku huta." Malam Tukur ya ce, "Kai ma in ka yi tari sai a sayo sabo?"

Wata uku ana haka. Asabar ɗin ƙarshe na ce masa, "Tukur, sa wanda muke da shi. Zan rubuta a jikin allon, wannan batir, wannan sauti."

Ya ɗago ya dube ni. "Wane idon ne zai karanta, Oga? Na bana ko na baɗi?"

Shi kaɗai ya san yanar ido ta fara rufe mini gani, ko 'ya'yana ban gaya wa ba. Gaskiya ya faɗa, so yake in gane ramin da yatsa ranar da gani ya ƙare. Amma ya taɓa abin da nake gudu, sai tsoron ya fito mini ta baki da siffar wulaƙanci. Na ce, "Wata uku a kan soket ɗaya! Shi ya sa ka yi shekara ashirin ba ka wuce matakin da aka ɗauke ka ba."

Ya mayar da sukudirebobinsa cikin jaka. Sannan ya ce, "Allah ya huci zuciyarka. Akwai wani ɗan jari bola a Mpape, can sama kusa da masu fasa dutse. An ce yana tara tsofaffin na'urorin ofis. Zan leƙa."

Na san yana da hawan jini. Na san likita ya hana shi hawan tudu da yawo a rana. Na ce, "Sai ka tafi."

Makon jiya na hau tudun da kaina, ina tsayawa ina haki a 'yar siririyar hanyar ƙafa. Na sami ɗan jari bolan. Ya ce, "Baban nan mai jaka? Wallahi awa biyu ya yi a tsugune yana kwance ƙarafa. Bai samu ba. Ya ce zai dawo Alhamis." Ya nuna mini inda ya faɗi, kusa da wani famfo, bai ko kai titi ba.

Hajiya Uwani, ga amsar tambayarki. Ƙarya na yi miki. Kabad ɗina ne ya kai shi, da baƙar maganata. Na san ajali ba ya gaba ba ya baya, na karanta haka tun ina ƙarami. Amma na kuma karanta cewa haƙƙin ɗan Adam ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe, kuma wannan ne yake tsinka mini zuciya duk sanda na ɗaga hannu zan yi kabbara. Ina roƙonki, ke da Nafisa da ƙannenta, ku yafe mini abin da yake naku.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Tukur, ka yalwata masa kabari, ka karɓi taka-tsantsan ɗin da ya yi da rayukan mutane da kayansu a matsayin ibada. Ka tsaya wa matarsa, ka raya 'ya'yansa bisa gaskiyar da ya bar musu, kada ka bar su suna neman taimako a ƙofar da za a wulaƙanta su. Mu da muka rage, ka sa mu cika da imani. Amin.

Ya rasu yana da shekara sittin da uku. Daga Asabar zuwa Talata kwana uku ne, lambarsa tana cikin wayata, ban kira ba.