Ruwan da Tanko Ya Datse

Mu 'yan tsirarun Kiristoci ne a ƙauyenmu kusa da Bunkure, kuma kakarmu, Iya Rifkatu, ita ce mai tatsuniyar gidan. Da an gama cin tuwo sai ta tura kara a murhu, ta miƙe ƙafa, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta iya karatu ba, amma abin da ta ji a coci ranar Lahadi ba ya wuce ta. Sai ta juya shi ya zama tatsuniya.

"To, ku matso, ga ta nan ta iso," in ji ta.

Wai wani mai lambu ne zai yi doguwar tafiya, ya bar wa baransa Tanko amanar lambun, da ƙoramar da ta ratsa shi. Tanko ya ga ruwa na wucewa gonakin mutane, ya ji kamar asara yake yi. Sai ya datse shi. Albasar maƙwabta ta bushe, makiyaya suka kora shanunsu gaba. Shi kuma ruwa ya kwanta masa, kanwa ta taso, ƙasa ta yi fari fat. Da mai lambu ya dawo, bai tambayi amfanin gona ba. Cewa ya yi, "Ina mutanen da na bari suna shan ruwan nan?"

Na ce, "Iya, ya dake shi?"

"A'a, ɗan nan. Fartanya ya miƙa masa, ya ce je ka buɗe. Ai da Ubangiji ya sa mutum a gona, cewa ya yi ya nome ta, ya kiyaye ta. Bai ce ta zama tasa ba."

A lokacin, haushi na ji, don so nake a dake shi.

Sai bara, bayan ta daɗe da rasuwa, na gama yi wa tumatirina feshin maganin ƙwari, na tsuguna bakin hanyar ruwan noman rani zan ɗauraye kwanon feshin, kamar yadda na saba. Ina ɗaga kai na hango maƙwabcina Malam Sabi'u can ƙasa, yana alwala da ruwan, har yana kurkure baki. Shekara nawa ina zuba masa wannan? Na koma gefen gona na haƙa rami na wanke a can.

Da, na ɗauka girma cikin bangaskiya shi ne yawan ayoyin da na haddace da rashin fashin coci. Ranar ce na fara tunanin wanda ke shan ruwa bayana.